Keken Mahaifina da Hanyar Bayan Samaru

 

Ya 'yan'uwana matasa, abin da ya jawo wannan rubutu wasu hotuna ne da na ci karo da su a intanet wani dare da barci ya ƙi zuwa. Hotunan ƙauyukan Faransa ne: siririyar kwalta ta ratsa tsaunuka masu duhun itatuwa, babu mota, babu hayaƙi, sai mutum ɗaya a kan kekensa. Mutanen can sun ɗauki keke da daraja, har suna da gasar zagaya ƙasarsu da suka fara tun 1903. Na daɗe ina kallo, zuciyata tana raya mini cewa da a can aka haife ni da na san abin da ake kira natsuwa. Sai da ladan ya yi kiran farko na lura na cinye daren ina sha'awar shirun wata ƙasa, alhali wayar da ke hannuna ce ta hana ni nawa shirun.

Gaskiyar magana, a lokacin na yi watanni ban ji daɗin salla ba. Ina yin ta a kan lokaci, alhamdulillah, amma da zarar na yi kabbara sai kasuwar Sabon Gari ta buɗe a cikin kaina: wanda nake bi, wanda yake bina, saƙon da ban amsa ba. Sau da yawa sai liman ya yi sallama nake tambayar kaina wace sura ya karanta.

A zauren gidanmu akwai tsohon Raleigh na mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da shi ya yi shekaru yana zuwa aiki daga Sabon Gari zuwa Samaru, ya bi ta Kwangila da Palladan, ya dawo da cefane a kariya. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, tun ina ɗalibi nake jin kunyar a gan ni a kansa, domin a idon samarinmu keke alamar rashi ce. Na kai shi wurin mai gyara, aka canza taya da kaca, aka ɗaure birki, aka sa mai. Ranar Asabar bayan sallar asuba na karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf, na kama hanya.

Kada in ruɗe ku, titin da ya tashi daga Kwangila ya nufi Funtua ba wurin tafakkuri ba ne. Tirela da tankar mai ba su san da zaman mai keke ba, kuma sau biyu ina sauka gefen titi ina salati. Sai ka wuce Samaru ka karkata wajen Bomo, ka bar kwalta ka hau burji, sannan duniya take sauke murya. A nan za ka ji kukan kurciya da ƙarar kacarka kawai. Damina ce, masara ta kai ƙirji, raɓa ba ta bushe ba, balbelu suna bin shanun Fulani a bakin fadama. Ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga mangwaro jefi-jefi a tsakiyar gonaki. A kan wani tudu na tsaya na waiwaya kudu, inda dutsen Kufena yake zaune kamar yadda yake tun kafin a gina ganuwar Zazzau. Na tuna ayoyin Suratul Gashiya da ke umartar mutum ya dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Na haddace su tun ina makarantar allo, amma ban taɓa tsayawa na yi abin da suka ce a yi ba sai ran nan, ina haki, gumi yana shiga mini ido.

A fita ta huɗu ko ta biyar ƙaya ta huda mini tayar baya, ga shi ban riƙo famfo ba. Ina tura keken sai ga wani dattijo a kan nasa, da fartanya ɗaure a baya. Ya yi sallama ya sauka, ya ciro gam da guntun roba daga aljihu. Yana faci yana tambayata, "Ɗana, ina aka nufa da sassafen nan?" Na ce, "Baba, ba ko'ina, iska nake sha." Ya yi dariya har ya ajiye tayar, ya ce shekara hamsin yana tuƙa keke bai taɓa jin wanda ya hau ba don zuwa wani wuri ba.

Na yaba masa kyan itatuwan wurin. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce abin da nake gani saura ne, da can mutum yakan yi tafiya mai nisa a inuwa. Ya nuna mini kututture uku a gefen wata gona. Har na buɗe baki zan fara wa'azi a kan masu sare itace suna gawayi, kamar yadda muka saba a dandalin intanet, sai ya ce gonarsa ce. Ɗorawa ce guda uku da ya gada, ya sayar da su shekarar da aka kwantar da matarsa a asibiti. Na haɗiye wa'azina. Na kuma tuna buhun gawayin da ke kicin ɗin gidanmu tun da gas ya yi tsada, wanda ban taɓa tambayar daga gonar wa ya fito ba. Na miƙa masa kuɗin faci, ya ce in bar shi, in sa iyalinsa a addu'a.

Wani zai tambaya ko sallar ta gyaru. Ba zan yi da'awar abin da ban kai ba. Abin da na sani shi ne, ranar da na fita, wayata tana kashe awa biyu a aljihu, azkar ɗin safe nakan yi su da hankalina a jikina, kuma azahar ɗin ranar ta fi ta sauran ranaku nauyi a zuciyata. Shawarata ga mai son gwadawa: kada ya yi nisa shi kaɗai. Sace-sacen mutanen da aka yi a gefen Zariya a 2020 da 2021 sun koya mana tambayar mutanen gari kafin a shiga hanyar da ba a sani ba. Ya gaya wa na gida inda ya nufa, ya riƙi ruwa da famfo, ya gai da duk wanda ya tarar a gona.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa dashen da Musulmi ya yi, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Makon da ya biyo baya na sayi dashen mangwaro uku, na ɗaure su a kariyar da mahaifina ke ɗaura cefane, na kai wa dattijon. Muka dasa su kusa da kututturan. Awaki sun cinye biyu kafin rani ya raba. Na ukun ya kewaye shi da ƙaya, kuma da na je ranar Asabar da ta wuce ya kai mini kafaɗa.