Ɗigon Da Na Raina

Ina da wata tsohuwar mota, Honda Accord ƙirar 1996. Wata safiya na ga ɗan danshi a ƙarƙashinta, bai kai faɗin tafin hannu ba, na raina shi. Kullum sai in ƙara ruwa a lagireto in kama hanya.

Ran nan aka aiko mini mahaifiyata ba lafiya a Zariya. Na taso daga Kano da hantsi. Kafin in kai Kwanar Dangora sai allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe. Na tsaya kusa da rumfar wani tsohon bakanike. Na kai hannu zan buɗe murfin lagireto, ya ce, "Kul, Malam! Ruwan nan ya tafasa, zai saɓule maka fuska."

Da injin ya huce, ya nuna mini wani ɗan bawul kusa da maƙogwaron totur, watau mai daidaita iskar da inji ke sha sa'ad da mota ke tsaye tana silo. Ƙananan tiyo 2 ke kai masa ruwan zafi su komar, domin kada sanyi ya daskarar da shi. Ɗayansu ne ya tsage a bakin kilif. Ya yanke wurin, ya ɗaure, ya cika ruwa, sa'an nan ya fitar da iska, gama in ta maƙale silo yakan yi ta hawa da sauka.

Ban isa ba sai bayan isha'i, tsohuwa ta gaji da cigiyata.

Ya ɗan'uwa mai karatu, da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma lagireto kan ƙafe. Allah ya kiyashe mu.