Ziyara a Birnin Damagaram: Ɗakunan Iyayenmu da Kayan da ke Cikinsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, saboda haka ne mu ƴan kwamitin iyali, maza da mata, muka ɗauki hanyar Damagaram domin gaida dattawanmu da ke can. Daga Yamai tafiyar ta kusa kilomita 900, ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙwanni da Maraɗi da Tasawa. Mun tafi da niyyar gaisuwa kawai, sai ga shi mun komo da wani darasi da ya shafi kowane gida, wato yadda mutum zai yi da tarin kayan da ya tara idan shekaru suka ja, ƙarfi ya ragu.

Duk wanda ya shiga Damagaram, abin da zai fara gani shi ne manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Tsohon gari kashi biyu ne: Birni, inda fadar Sarki take, da Zango, inda ayarin Azbinawa da fataken Arewa suke sauka a da. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, garin ya bunƙasa, aka kewaye shi da ganuwa, kaya suka riƙa shigowa daga Tarabulus da Kano da Barno. Faransawa sun kama shi a 1899, ya zama babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da hedkwata Yamai. Gari ne da ya saba da kaya tun kaka da kakanni, kuma wannan sabo yana nan a cikin ɗakunansa har yau.

Lungunan Birni matsattsu ne, gidajen ƙasa ne masu zanko a bisa kusurwoyi, da zane a fuskar zaure. Mazanmu suka tsaya a zaure wajen masu gida, matanmu suka shiga ciki, da yamma muka haɗu kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Abin da matan suka fi ambata shi ne jere. A ɗakin tsohuwa ɗaya mutum zai karanta tarihin kusan shekara ɗari. Can ƙasa ga ƙore da masaki da akushi da faifai, kayan kakarta. Bisansu ga tasoshin tagulla. Sannan ga kwanonin fenti, langa da fanteka da kwalla da samira, an ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi, waɗanda a farko daga ƙasashen waje ake kawo su, daga baya masana'antun Kano suka cika kasuwa da su. A gefe ga gadon ƙarfe mai rumfa, ƙarƙashinsa adaka biyu ko uku cike da zannuwa. A ƙarshe ga tangaran da kuloli da robobi, tsarabar ƴaƴa da jikoki da ta Makka.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tari son zuciya ne kawai. Jere shi ne asusun mace a wancan zamani. Da shi take nuna cewa ta fito gidan mutunci, shi take sayarwa idan fari ya zo ko ciwo ya kama yaro, daga cikinsa take cire kayan ɗakin ƴarta ranar aure. Matan da suka ga yunwar 1973 da 1974, suka kuma ga ta 1984, sun san ranar da kwalla ɗaya ta zama hatsin mako. Wanda ya san haka ba zai yi wa tsohuwa dariya don ta ƙi rabuwa da kwano ba.

Sai dai zamani ya juya. Amaren yau kujeru suke so da firji da kabad, kwanon fenti kuwa darajarsa ta faɗi a kasuwa. Ranar Alhamis mun zaga kasuwar Dole, muka ga irin waɗannan kwanoni a hannun dillalai, ana tayin su da abin da bai kai rabin ƙimar da masu su suke zato ba. Asusun da aka tara shekara hamsin ya zama kaya mai cin wuri, mai bukatar wanki da kakkaɓa, ga mai shi kuma ba ta iya sunkuyawa.

A wani gida kusa da fada muka sami wata dattijuwa da ta haura shekara tamanin, ɗakinta fayau, iska na shiga tana fita. Gado ɗaya, buzun salla, buta, randa ƴar Mirriya, adaka ɗaya, da kwanoni da ba su wuce goma ba. Muka ce, "Inna, ina jeren da ake ba mu labari?" Ta yi murmushi ta ce, "Ƴaƴana, na raba shi da hannuna tun idona yana gani. Na tara su duka rana ɗaya, maza da mata, na kira maƙwabta biyu su shaida, kowa ya ɗauki nasa ya fita da shi a ranar. Na fi son in ga jikata tana cin tuwo a kwanona da in bar shi a yi shari'a a kansa." Ta ce tasoshin uwarta guda uku kaɗai ta riƙe, don idan ta dube su tana tuna ta, ta yi mata addu'a. A cikin adakar kuwa akwai zannuwan sawa, da farin yadi da ta tanada domin likkafani, da takarda da jikanta ya rubuta mata sunayen waɗanda take bi bashi da waɗanda suke bin ta.

Ba nisa da nan aka nuna mana wani ɗaki da kwaɗo a ƙofarsa. Mai shi ta rasu shekaru da dama, magada ba su daidaita ba. Wata ƴa ta ce uwar ta ba ta gadon da manyan kwalloli tun tana da rai, sauran suka ce ba su ji ba, ba su gani ba. Wata maƙwabciya kuma ta ce akwai sarƙarta da ta ba da ajiya, ba wanda ya san adakar da take ciki. Aka kulle ɗaki ana jiran ranar sulhu. Damina ta yi ta wucewa, rufi ya fara yoyo, gara ta shiga zannuwa, kwanoni suka yi tsatsa. Yau ƴan'uwan nan ciki ɗaya ba sa gaisawa, kayan da suka raba su kuwa ko an buɗe ba sauran abin ɗauka. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai cikin tafiyar duka.

Akwai kuma maganar lafiyar gini da ta mai gini. Gidan ƙasa yana son a riƙa duba shi, a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. A watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, gidaje da yawa ma suka faɗi a wannan damina. Wani magini da muka zanta da shi ya ce ɗakin da aka cika da kaya har bango ba a ganin tsagewarsa sai ta yi nisa, kuma bayan adaka da ƙarƙashin gado nan ne maɓoyar kunama da ɓera. Ga tsoho mai raunin gani da zai tashi alwalar asuba cikin duhu, kowane kwano da ke kan hanya abin tuntuɓe ne, karayar ƙugu kuwa a wannan shekaru ba ta cika warkewa ba.

Mazanmu su ma sun ga nasu. A zauren wani malami dattijo sun tarar da gafaka sama da ashirin, da kundaye, da alluna, da sirdi da likkafa da takobin mahaifinsa a rataye. Malam ya ce ya lura littafin da ba a buɗewa shi gara take fara ci. Don haka ya zauna da manyan almajiransa, suka ware littattafan kashi uku: waɗanda yake karantarwa da su kullum ya riƙe, bugaggun da ya daina buɗewa ya yi wakafinsu ga makarantar unguwa, aka rubuta haka a bangon kowane ɗaya, rubutun hannu na kakanni kuwa ya damƙa wa ɗansa da ya gaji karatu, da sanin sauran ƴaƴan da yardarsu. Muka ce, "Allah gafarta Malam, ba ka jin kewarsu?" Ya ce idan ya ji yara suna karatu da su a makaranta, ya san ladan yana iso shi tun yana zaune.

A wannan zaure ne Malam ya tunatar da mu hukunce-hukuncen da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da sauran littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kuma ya kamata kowane mai niyyar rage kaya ya san su. Na farko, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Idan uwa ta ce wannan gado na wance ne, amma gadon ya zauna a ɗakinta har ta rasu, to ya koma cikin abin da za a raba wa magada duka. Na biyu, kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusin dukiya. Wannan iyaka ta sulusi ita ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa. Na uku, ba a yi wa magaji wasiyya sai idan sauran magada sun amince. Na huɗu, a yi adalci tsakanin ƴaƴa, domin Annabi ya ƙi shaidar kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da ƴan'uwansa. Na biyar, bashi da ajiyar mutane suna gaba da wasiyya da gado, don haka su ne farkon abin da za a ware a mayar wa masu su, ko a rubuta a sanar da amintattu biyu.

Daga abin da muka gani, ga shawarar da muke ba iyayenmu cikin ladabi. A fara tun da sauran lafiya da hankali, kada a jira ciwo. A ɗauki adaka ɗaya a rana, ba ɗaki duka ba. Abin da ake amfani da shi a bar shi kusa da hannu. Abin da ke da amfani ga wani a ba shi yanzu, ga marayu da za a aurar ba su da kayan ɗaki, ga waɗanda ruwa ya rushe wa gida, ga makarantun allo da ke bukatar tabarma da kwano. Abin da za a sayar a sayar, kuɗin ya shiga magani ko biyan bashi ko sadaka mai gudana. Abin da ya lalace a fitar da shi. Takardun gida da na gona kuwa a haɗa su wuri ɗaya, a gaya wa wanda aka amince da shi inda suke. Abin tarihi, kamar tsohon rubutun hannu ko takobi ko saƙar da aka daina yi, kada a sayar wa mai yawon saye da araha, a bar shi a zuriya tare da labarinsa.

Ga ƴaƴa kuma muna da jan kunne. Kayan na iyayenku ne, ba naku ba, har sai sun ba ku. Mun ji labarin waɗanda suka zo hutu daga birni suka kwashe ɗakin uwarsu da sunan gyara, ta wuni tana kuka a kan wata tsohuwar ƙwarya da ba ta kai dala biyar ba, ashe da ita aka yi mata wankan amarci. Wanda zai taimaki tsoho ya zauna kusa da shi, ya ɗauko abu ɗaya ɗaya ya tambayi labarinsa. Sau da yawa idan an saurari labarin, mai kayan da kansa yake cewa a kai wa wane. Idan kuma ya ce a bari, sai a bari, a share ƙura a mayar, a jira wata rana. Kuma kada ɗa ya nuna kwaɗayi a kan wani abu, domin hakan yana sa iyaye su ji kamar ana ƙirga musu kwana.

Kafin mu juyo mun leƙa Mirriya, garin masu ginin tukwane da ke kusan kilomita 18 daga Damagaram, inda kasuwa take ci ranar Lahadi. Matanmu sun so su cika mota da tuluna da randuna masu zane, sai muka tuna wa juna abin da muka gani cikin kwanakin nan, kowa ya ɗauki abin da gidansa yake bukata ya bar saura. Rage kaya ba sai an tsufa ake fara shi ba, daga bakin kasuwa yake farawa.

Muna roƙon kowane iyali da wannan takarda ta isa gare su, su zauna da dattawansu a yi wannan magana cikin natsuwa, a kuma nemi malamin unguwa idan wani hukunci ya shige duhu. Allah ya saka wa mutanen Damagaram da alheri bisa karɓar da suka yi mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba iyayenmu lafiya da kyakkyawan ƙarshe, ya haɗa kan zuriyarmu, ya sa abin da muka mallaka ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Amin.