Agogon Bango Da Takardar Yabo

Duk baƙon da ya fara jin sunan garinmu sai ya yi murmushi, wani ma har ya tambaya wai shin wane ne babban mutumin. Garin namu dai yana cikin ƙaramar hukumar Baure ne a ƙasar Daura, dab da iyakar Nijar, kan hanyar da ta miƙe zuwa Magarya. Ba tarihin sunan ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Ita dai tambayar ce take yi mana kai-kawo a zuci, musamman in an gayyace mu walimar sallamar wani ma'aikaci da ya cika shekarunsa na aiki.

Mai karatu ya san yadda irin wannan walima take. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a raba lemo da cincin, sannan a yi ta jawabi har la'asar ta kawo jiki. Daga ƙarshe a kira mai ritaya, a miƙa masa takardar yabo cikin gilashi, da darduma, da agogon bango. Mun rasa dalilin da ya sa agogo ne kullum, alhali mutumin ba shi da sauran ofishin da zai ji tsoron makara. A tsarin aikin gwamnati, ma'aikaci yakan ajiye aiki in ya yi shekara 35 yana yi, ko ya cika shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Mu malaman makaranta kuwa dokar tarayya ta 2022 ta ƙara mana zuwa 40 ko 65. Wato dai ƙuruciyar mutum ce ɗungurungum ake naɗewa cikin takardar ado a ba shi, a tafa, a watse.

Yabon gwani ya zama dole, kuma Jihar Katsina ba ta rasa gwanayen da suka tsufa a hidimar shari'a ba. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 1987 zuwa 1995. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe ministan shari'a na Jihar Arewa tun zamanin Sardauna, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sannan ya koma gida Malumfashi a matsayin Galadiman Katsina har Allah Ya karɓi abinSa a 2019. Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa, shi ma ya zauna kan wannan kujera daga 1999 zuwa 2009. Waɗannan an yaba musu, kuma sun cancanta. Mukan kawo sunayensu a aji don yara su san cewa daga irin ƙasarmu aka fito aka kai can. Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ƙarar talaka ta kai gaban irin waɗannan manya, in ma ta kai, sai ta bi ta hannun wasu bayin Allah da ba mai rubuta sunansu a ko'ina.

A 2019 wata ɗalibarmu ta aji biyar, yarinya mai ƙoƙari a lissafi, ta ɗauke ƙafa daga makaranta. Da muka bincika sai muka tarar an kama mahaifinta ne bisa zargin ya sayi san sata a kasuwa. Shi kuwa ya rantse da shaidu ya saya, amma dillalin ya tsallaka iyaka, shaidun kuma da suka ji an ambaci hukuma sai kowa ya yi ta kansa. Aka kai shi kotu sau ɗaya, aka tura shi gidan yari jiran shari'a, daga nan shiru kake ji, wai Malam ya ci shirwa. Damina ta zo ta wuce ba wanda ya nome gonarsa. Aka jinginar da gonar don neman kuɗin bin sawu, kuɗin suka ƙare a mota da hannun masu cewa sun san wani wanda ya san wani. Yarinyar nan ta koma tallar ƙosai, har an fara maganar a aurar da ita a rage baki.

Wata goma sha huɗu ya yi a tsare. Wanda ya fito da shi wani lauya ne na Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, dattijo mai furfura, wanda ya ci karo da shi a wata ziyara da ya kai gidan yarin. Sai da ya yi sawu uku kafin a gano inda fayil ɗin ya maƙale, ya nemi beli aka bayar, kuma da aka kira ƙarar sau biyu mai ƙara bai zo ba, alƙali ya kore ta. Ko kwabo bai karɓa ba. Mutumin ya kai masa zabi biyu har ofis don godiya, dattijon ya ce, "Baba, mayar da su gida a yi wa yara miya, ni gwamnati ta riga ta biya ni." Yarinyar ta dawo makaranta, ta maimaita aji, ta gama. Gonar dai har yanzu tana hannun wanda aka jinginar wa. Shi kuwa lauyan, labarin ritayarsa a bakin wani direban motar haya muka ji.

Wannan hukuma da yawancin mutanenmu ba su ma san da ita ba, ta girmi Jihar Katsina da shekara 11. Wani lauya ɗan ƙasar Ibo, marigayi Chimezie Ikeazor, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kare marasa ƙarfi kyauta a 1974, suka yi ta matsa wa gwamnati lamba har gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar da doka mai lamba 56 ta 1976. Da fari manyan laifuffuka kaɗan kawai take shiga, irin su kisan kai da jikkata mutum. Dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta, ta kuma ce wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ya cancanci a tsaya masa. Mafi ƙarancin albashin nan tun 2024 naira 70,000 ne a wata. To, in da za a auna da wannan mudu, manoma nawa ne a Baure da Zango da Mai'aduwa za a ce sun fi ƙarfin agajin? Ita wannan doka har ta ɗora wa lauyan da ke neman muƙamin SAN sharaɗin ya nuna ƙararraki aƙalla uku da ya tsaya wa kyauta a shekarar da ta gabata. Wannan dabara ta burge mu, domin ta ɗaura girma a wuyan hidima. Sai dai masu neman SAN a Abuja da Kaduna da Kano suke, mu kuma muna bakin iyaka.

A takarda kam ba a bar talaka a baya ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya ce wanda ake tuhuma da laifi, in bai jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta kyauta. A 2019 ma an sake wa gidajen yari suna, suka koma gidajen gyaran hali. Duk da haka, kimanin biyu cikin ukun waɗanda ke ciki ba a yanke musu hukuncin komai ba, jira kawai suke. Doka ba ta da ƙafa. Sai an sami wanda zai hau babur ko motar haya ya kai ta inda ake bukatarta, ya kuma sake komawa gobe in an ce magatakarda ba ya nan.

Tunda mun ambaci tafinta, bari mu ɗan tsaya a kansa, don shi ne ya fi ba mu tausayi. Muna da wani maƙwabci, tsoho ne yanzu, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tafinta a kotun majistare. Ya iya Turanci da Fulatanci, ga ɗan abin da ya tsinta na Faransanci saboda 'yan'uwanmu na tsallake. Yakan ce mana wuyan mutum yana rataye ne a kan kalma guda. In alƙali ya tambaya ko ka amsa laifinka, baƙauye sai ya ce "na ji", yana nufin ya fahimci maganar, in tafinta ragon aiki ne sai ya juya ta ta zama ya amsa. Shi kuwa sai ya sake tambaya, ya sake, har majistare ya harare shi. Mutum nawa wannan naci ya hana kwana a kurkuku? Shi kansa bai ƙirga ba. Yau in ka gan shi da jakar ledarsa ta takardu zai tafi tantancewar 'yan fansho, ya tsaya a layi cikin rana don ya tabbatar wa wani yaro sa'ar jikansa cewa yana da rai, ba za ka ce ya taɓa ceton kowa ba. Agogon bangon da aka ba shi yana nan rataye a zaurensa, ba batir.

Ba wai ba a taɓa yaba wa masu irin wannan aiki ba. A 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Katsina ta soke hukuncin da aka yanke wa Amina Lawal, bayan lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da sauransu, sun kafa hujjojinsu daga cikin littattafan Malikiyya kansu. A 2005 majalisar Tarayyar Turai ta ba Hauwa Ibrahim lambar yabo ta Sakharov. Marigayi Gani Fawehinmi na Ikko, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsaya wa marasa galihu, ya ƙi karɓar lambar OFR a 2008, ya rasu a 2009, sai a 2018 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta ba shi GCON yana kabari. Amma waɗannan ƙararraki ne da duniya ta zuba wa ido, gidajen rediyon Ingila da Amurka da Jamus suna ta yayatawa. Shari'ar sa guda a bakin iyaka ba mai aiko wakili, kuma irinta ce ta cika gidajen yarinmu.

Mu ma ba don Allah kaɗai muke wannan magana ba, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Mun haura shekara arba'in, mun ci fiye da rabin zangonmu da alli a hannu da 'yar difilomarmu ta koyarwa, kuma muna hango rumfarmu da kujerun robarmu suna matsowa. Abin da ya fi wannan damunmu shi ne yara suna kallo. In ka tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama, masu cewa lauya sukan ce don su yi kuɗi, saura kuwa kwastan ko siyasa. Ba ma ganin laifinsu. Sun ga wanda ya tara ana ba shi sarauta da kujerar gaba a ɗaurin aure, sun kuma ga tsohon tafinta da jakar leda.

A nan ne muke da ƙorafi ga 'yan'uwa marubuta masu wannan mujalla. Mun karanta littattafanmu na hikaya ba adadi, kuma in lauya ya fito a ciki, galibi saurayi ne mai doguwar mota da ya zo neman auren tauraruwar labarin, in alƙali ne to wanda Alhaji ya saya ne. Ba mu yi katarin cin karo da wanda ya yi sawu uku yana neman fayil ba. Gwamnati ce ke da lambobin girma, amma tawada a hannunmu take, kuma tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin kawunansu.

A zangon karatun da ya wuce mun tura 'yan aji biyar, biyu-biyu, kowa ya nemi wani tsohon ma'aikaci a unguwarsu, ungozoma ce ko malamin gona ko masinja, ya zauna da shi ya rubuto tarihin aikinsa da Hausa. Waɗanda suka je wurin maƙwabcinmu tafinta shafi biyu muka ce su kawo, suka kawo tara, kuma ya ce su koma ranar Asabar don bai kai ga shekarun da aka ƙirƙiro jiha ba.