Yadda Muka Gyara Ɗakin Girkin Inna

A yawancin gidajenmu, in maigida ya sami 'yan kuɗi, zaure yakan fara gyarawa, gama shi baƙo yake gani. Daga nan sai ɗakin kwana. Ɗakin girki kuwa yakan zo ƙarshe, ko da yake daga cikinsa kowa yake ƙoshi. Bari in ba ku labarin namu, watakila ya amfani wani.

Gidanmu yana Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo, kan hanyar Gwarzo. Sa'ad da kakanmu ya gina shi, gonakin gero da dawa ne suka kewaye shi. Yau birnin Kano ya iso mu, gidaje sun manne da juna, har ba inda za a faɗaɗa ko da taku ɗaya. Ɗakin girkinmu ƙafa takwas ne tsawonsa, faɗinsa bakwai, ginin tubali da rufin azara. Ba shi da taga. Kunkunniya ta rufe azarorin, bangon arewa kuma ya tsage. Wannan bango ba namu ba ne mu kaɗai, gama shi ne bayan ɗakin matar maƙwabcinmu.

Abin da ya tashe mu tsaye shi ne tarin Inna. Shekara arba'in tana girki a ɗakin nan, idanunta kullum suna hawaye. Da muka kai ta asibiti, sai likita ya tambaye ta da me take girki, a ina kuma. Ya ce magani zai taimaka, amma muddin tana shaƙar hayaƙi safe da yamma, tarin zai komo. Ba Inna kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Wani zai ce a saya mata gas. To, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kome ya yi tsada, tuwon mutum goma sha biyu kuwa ba wasa ba ne. Dole itace da kara su ci gaba da aiki, sai dai a ba hayaƙi hanya.

Kafin a taɓa bango, na je na durƙusa gaban maƙwabcinmu, tsaran mahaifina ne. Na ce, "Baba, muna so mu gyara madafa, amma katangar tamu ce da ku." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka kyauta da ka zo. Shekara da shekaru hayaƙinku yana bi ta tsagar nan yana shiga ɗakin iyalina. Na bar maganar don zaman lafiya." Ya ce shi zai kawo ƙasa, mu mu biya magini. Ashe abin da yake cin Inna yana cin wata a bayan bango.

Muka fara aiki a watan Janairu na 2024, da rani, domin yaɓe ya bushe kafin ruwa. Ƙanena ya so a shafe bangon da siminti. Magini ya ƙi. Ya ce siminti ba ya kama ginin ƙasa, yakan riƙe danshi a ciki, bayan damina biyu ko uku ya ɓamɓaro ya tafi da fuskar bango. Aka kwaɓa jar ƙasa da ramno, aka bar ta kwanaki ta ruɓa, aka cike tsagar ta fuska biyu, aka bi waje da makuba. Azara uku da gara ta ci aka canja, rufin ƙasa kuwa muka bar shi, gama ya fi kwano sanyi a watan Afrilu. Indararo ma aka juya bakinsa, domin dā a gindin katangar yake zuba, shi ne asalin tsagar.

Aka huda taga biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa kusa da ƙofa don iska ta shiga, ɗaya can sama a bangon yamma don hayaƙi ya fita. Ba a yi ta gabas ba, domin a ƙasar Kano daga gabas hadari yake tasowa.

Wajen murhu ne Inna ta karɓi aikin. Magini ya so ya ɗaga shi har ƙugu, irin na gidajen zamani. Ta ce, "Malam, ka taɓa tuƙa tuwo a tsaye?" Ta kawo kujerarta ta zauna, ta ɗora babbar tukunya, ta riƙe muciya, aka auna tsayin murhun a jikinta. Aka gina shi da ƙasa, baki biyu, na tuwo da na miya, ƙofar itace ɗaya. Tukunya takan nutse ciki, wuta ta lashi gefenta maimakon iska ta kwashe zafin. A baya aka sa bututu ya fita ta rufi. Muka yi dakali don randa, da kanta don ƙore da kwanoni, aka karkata daɓe wajen rariya. Kafinta ya yi gajeriyar ƙofa mai tare awaki da yara masu rarrafe.

Damina ta wuce, bangon bai motsa ba. Damin itacen da yake ƙarewa da wuri yanzu yakan kai mu nesa. Tarin Inna ya yi sauƙi, matar maƙwabcinmu kuma ta daina shanya tufafinta don warin hayaƙi. Aikin da ya ƙaru ɗaya ne, watau share bututu kowane wata, in ba haka ba kunkunniya ta toshe shi.

Ya kai maigida, yau da yamma ka shiga ɗakin girkin gidanka sa'ad da aka hura wuta, ka zauna minti goma. In idanunka sun yi hawaye, ka tuna akwai wadda take zama a nan kowace rana. Ka tambaye ta abin da take so, ka gaida maƙwabcinka, sa'an nan ka kira magini tun rani bai ƙare ba.