Ɗakuna biyu da na gina don haya

Da kuɗin adashi na sayi ɗan fili a Dogon Kiriya. Ban yarda da cinikin baki ba: mai gari ya shaida, aka rubuta takardar saye, na kai ta hukumar filaye ta gundumarmu.

Na gina ɗakuna biyu na bulon ƙasa da rufin kwano. Duk Oktoba ana turo malamai 'yan kwantiragi, wasu daga Dogon Dutse, wasu daga Doso, kuma dole su sami wurin kwana. Sai na lissafa jika biyar kowane ɗaki, sau 12.

Sha biyun nan ce ta ci ni. Da an yi babban hutu sai su tafi gida, ɗakunan su zauna ba kowa wata uku, daidai lokacin da damina ke cin bango. Kuɗin yaɓe kuwa daga aljihuna.

Abin da ya fi mini wuya, ɗan hayar abokin aikina ne, tare muke shan shayi. Wata biyu albashinsa bai zo ba, ni ma na sani. Na je da niyyar tambaya, ya ce, "Malam, ka dai ga halin da ake ciki." Na komo ban ce uffan ba. Uwargida ta tambaye ni ko gidan haya na gina ko masaukin baƙi.

Bana na rubuta yarjejeniya: wata tara, biya ranar da albashi ya sauka. Ya sa hannu, amma sati guda bai zo shayi ba.