Asalin Baƙon da Ya Ɗauke Mana Auta

Ina aji uku na firamare, a wata damina mai yawan marka, zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙanena Auta a gidanmu da ke Liman Abaji cikin garin Keffi. Inna ta aike ni kyamis na sayo kulorokwin, maganin da kowane gida ya amince da shi a wancan zamani. Ta ba shi kwana uku cur kamar yadda aka faɗa mata. Jiki ya yi sanyi yini guda, sannan ya sake ɗaukar zafi. A dare na biyar ya shiga jijjiga, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mun ɗauki ƙaddara, domin rai na Allah ne. Sai dai Inna ta daɗe da wani ƙulli a zuciya. Duk lokacin da hira ta biyo ta kan Auta, takan sunkuyar da kai ta ce, "Anya ban yi kuskuren ƙirga ƙwayoyin nan ba?" Shekara da shekaru ba wanda ya iya ba ta amsa.

Sai da na girma na shiga karance-karance sannan na gane cewa ƙwayar da ke haddasa wannan zazzaɓi ita ma tana da asali da dangi kamar ɗan Adam. A jikinta akwai rubutun gado wanda take miƙa wa 'ya'yanta, kuma a shekarar 2002 masana suka kammala karanta shi, haruffa kimanin miliyan 23. Da wannan rubutu ake bin sawun ƙwayar, kamar yadda tsofaffi ke duban zanen fuskar baƙo su faɗi garinsu. Binciken ya nuna cewa ƙwayar da ba ta jin kulorokwin ta ɓulla ne a kan iyakar Tailan da Kambodiya wajen ƙarshen shekarun 1950. Ta bayyana a Gabashin Afirka a 1978, daga nan ta yi ta ratsowa cikin jinin matafiya da cikin sauro har ta game nahiyar. Nijeriya ba ta sauya kulorokwin da sabon haɗin magani ba sai a 2005. Ashe a lokacin da Inna ke ƙirga ƙwayoyinta, wataƙila jikan wani baƙo ne daga Asiya ke cikin jinin ɗanta, wanda ya gaji taurin kai tun daga kakanni.

Wannan ilmi bai tsaya ga ba da tarihi ba. A cikin tumbin sauro ne ƙwayoyin ke auratayya. Idan sauro ya sha jinin mutumin da ke ɗauke da iri biyu, sai su cakuɗa su haifi sabon iri. Saboda haka inda cutar ta yi katutu, da wuya a sami marasa lafiya biyu masu ƙwaya iri ɗaya. Inda kuwa ta fara ja da baya, sai a riƙa ganin iri guda yana maimaita kansa daga wannan majinyaci zuwa wancan. Alal misali, a garin Ces na ƙasar Senegal, masana sun duba wurare 24 a rubutun gadon ƙwayoyin da aka samu daga majinyata tun daga 2006, suka gane lokacin da yaɗuwar cutar ta ragu da kuma lokacin da ta sake tasowa. Ɗigon jini a kan 'yar takarda ya isa a yi wannan aiki.

Nakan zauna a ƙofar gida da almuru in yi tunanin abin da irin wannan bincike zai faɗa game da unguwarmu. Keffi gari ne na kan hanya, motocin Abuja da na Akwanga ba sa yankewa, ga ɗaliban jami'a daga ko'ina. Idan aka tarar ƙwayoyin yaran Liman Abaji 'yan ɗaki ɗaya ne, to ɓarawon a cikin gida yake, sai mu fuskanci kwatocinmu da gidajen sauronmu. Idan kuwa baƙi ne, sai a sa ido a kan masu dawowa daga tafiya. Ko ta wace fuska aka duba, zazzaɓin ɗan maƙwabcina gobe nawa ne, domin sauro bai san katanga ba. Masu iya magana kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A 2020 an ba da rahoton cewa a Ruwanda an gano ƙwayar da ta fara jure wa sabon maganin, wanda ake samu daga wani tsiro dangin tazargade. Wannan karon an hango ta da wuri, ba sai an ƙirga kaburbura ba.

Da na je gida hutun da ya wuce, na zauna gefen tabarmar Inna na warware mata labarin a hankali. Na ce, "Inna, ga dukkan alamu ba ƙirgenki ba ne ya kuskure, maganin ne ƙarfinsa ya ƙare." Ta yi shiru mai tsawo tana jan carbi, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Allah Ya jiƙansa. Kai ɗan nan, tashi ka sauke wa yaran can gidan sauronsu, magariba ta yi."