Wasiƙa zuwa ga ƙanena a Gaya

Yamai, ranar Lahadi

Ƙanena Sani,

  

Saƙonka ya iso. Ka ce za ka kama gidan haya kafin aure, tunda watan jiya babur ya ba ka jika 90. Allah ya ƙara buɗi. Sai dai wata guda ba ya nuna samun mutum, balle na ɗan kabu-kabu a garin iyaka.

Ka sayi littafi. Kullum da dare ka rubuta abin da ya shigo, ka cire kuɗin mai da na gyara. Abin da ya rage shi ne naka. In fasinjan Kamba ya biya ka da naira, ka rubuta ta da sefa a canjin ranar, don tun 2023 naira ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wata ya ƙare, ka haɗa.

Ga misali. A ce wata huɗu na kaka da saran rake kana samun jika 90, jika 360 ke nan. Wata biyar kana samun 60, sun ba da 300. Wata uku na damina, da mutane ke gona, 40 kawai, wato 120. Duka 780. Raba gida 12, sai ka ga jika 65 a wata. Wannan ne albashinka na gaskiya. Kada ka raina shi, don mafi ƙanƙantar albashi da gwamnati ta tsaida tun Janairun 2024 jika 42 ne.

A kan 65 ɗin za ka yanka haya, da cefane, da na Inna. Watan da ka samu 90, kada ka taɓa 25 na sama. Na damina ne, ya riga zuwa kawai. Ka zuba shi adashe ko ka sayi buhun hatsi tun yana araha. Azumi da ragon layya kuwa ba baƙi ba ne, ka riƙa cire musu wani abu kowane wata.

Kada kuma ka sa shekarun da suka wuce cikin lissafin. Kai shaida ne, da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motocin Kwatano suka daina shigowa, samun ƴan dako da masu abinci ya karye lokaci guda. Wata 12 na baya-bayan nan su ne ma'auni.

In hayar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na samunka, shawarata ka nemi wani gidan. Ka fara rubutun yau, bayan wata uku ka turo mini mu duba tare.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a.

Naka,
Yaya